Lallen Ranar Makoki

Shafi na 27

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau.

Na ga faɗan da kuka yi a ƙarƙashin shafin jiya. Masu cewa uwa ta zauna a gida, masu cewa ta fita ta nema, kowa ya kawo hujjarsa. Wata baiwar Allah har ta biyo ni ta waya ta ce in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronSa, 'yar'uwa, shi ya sa ma nake rubutawa. Ni dai ban ce komai ba tukuna. Ku karanta.

*

Asabar ce, kuma Safiyya ba ta ƙaunar Asabar.

Takardar ajiye aikin tana gaban madubi tun ranar Alhamis, cikin farin ambulan, biro a kanta. Mijinta Yusha'u ne ya tsara ta, shi ya kai aka buga a Kawo. Hannu kawai ya rage ta sa. Jibi Litinin hutun haihuwarta na wata shida zai ƙare. Ko dai ta koma teburinta a ma'aikatar da ta yi shekara tara tana aiki, ko ta miƙa musu wannan takarda ta dawo gida gaba ɗaya.

Ta riga ta ce masa to. Me za ta ce da ya wuce to? Matar da ta fita aikin zaɓe da safe, ta dawo da la'asar ta tarar da 'yarta cikin likkafani, da wane baki za ta yi musu?

Sau uku tana ɗaukar biron yau. Duk ta ɗora shi a kan takardar sai ta ji.

Ƙyu. Ƙyu. Ƙyu.

Takalmin Yasmin. Irin ɗan takalmin nan na yara mai kuka in an taka. Ita ta saya mata da hannunta, wai don duk inda ta yi a gidan a riƙa jin ta. Shekara uku da wata huɗu ke nan da aka ciro Yasmin daga rijiyar tsakar gida, amma takalmin bai daina yawo ba. Safiyya ta san ba kowa. Ta sha leƙawa. Ta yi addu'a, ta sha rubutu, ta ga likita. Yana nan.

Ta ajiye biron, ta juya ta gyara wa Khalid kwanciya, jaririnta da ke barci a kan gado.

"Salamu alaikum! Masu gida sun gudu ne?"

Muryar tsohuwa ce. Safiyya ta ɗaga labule ta ga Inna Balaraba tana dogara sanda, ƙullin leda a hannu. Tsohuwar maƙwabciyar Yaya Hassana ce, yayar Yusha'u, tun lokacin da take aure a Hayin Banki, kafin mijinta ya rasu ta dawo nan gidan gado na Unguwar Kanawa.

"Amin wa alaikumus salam. Inna, ke ce a tafe? Sannu da zuwa, shigo."

"Ni ce, 'yar nan. Mai kunya ce ta zo. Yaro ya kusa fara rarrafe sannan nake zuwa barka. Wannan gwiwar ce ta mayar da ni 'yar Zariya, kusan shekara uku ina gidan 'yata ana ta gashi. Ga daddawa, babu yawa."

"Har da wahala, Inna? Allah Ya saka da alheri."

"Ina Malamar taku?"

"Tana Islamiyya. Yanzu za ki gan ta, ana gab da azahar take dawowa."

Tsohuwa ta karɓi Khalid ta yi masa 'yan wasanni, ta ce goshin ubansa ne, ta ce ta yi miji. Ta sha ruwa, ta miƙe ƙafa. Inna Balaraba kuwa in ta miƙe ƙafa to hira ta samu.

"Kin ga har sun fara liƙe mana garu da hotuna? Tun daga Kawo har nan fuskoki ne, kowa yana murmushi kamar ango. Zaɓen ma sai baɗi fa. Ni kam na yi sallama da layi. Wancan karon tun hantsi nake tsaye da wannan gwiwar, rana ta gasa ni, na dangwala, na koma gida na tarar da tuwon jiya yana jirana yadda na bar shi."

Safiyya ta yi ɗan murmushin yaƙe. Ba ta son zancen, amma ba a katse tsohuwa.

"Ai kowa ya sha rana ranar, Inna."

"Wallahi. Ga shi na kai bakin teburi ke nan, sai da na ba Hassanarku wurina."

Safiyya ta ɗago.

"Wace Hassana?"

"Malama mana. Kuna da wata ne?"

"Yaya Hassana ba ta zaɓe, Inna. Ko kati ba ta da shi. Cewa take ba aikin mace ba ne shiga layi."

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya har da tafa hannu.

"Ke dai yarinya ce. Tare muka yi katin nan da ita tun marigayi yana da rai, a firamaren bayan gidanmu. Ranar ta zo cikin niƙabi, wai kar a gane ta. Ni? Shekara goma sha ɗaya katangarmu ɗaya, ko tari ta yi na san ita ce. Ta dafa ni tana haki, ta ce Inna don Allah ki bar ni in shiga gabanki, na baro yarinya tana barci ita kaɗai a gida."

Kofin da ke hannun Safiyya ya suɓuce. Ruwa ya bi leda ya shige ƙarƙashin gado.

"Ƙarfe nawa?"

"Yo ina na san ƙarfe? Ana dai kiran azahar tana dangwalawa. Ke lafiya? Kin ga idonki kuwa?"

Safiyya ta sunkuya ta ɗauki kofin.

Inna Balaraba ta dube ta, ta dubi hoton 'yar yarinyar da ke jingine a gefen madubi. Tana Zariya ta ji labarin an yi rashi a gidan, amma ba wanda ya gaya mata rana, ba wanda ya gaya mata yadda aka yi.

"Innalillahi. 'Yar nan, ba dai ranar ba ce?"

"Ranar ce."

"Wayyo ni Balaraba. Wayyo bakina. Allah Ka sani ban sani ba."

"Ba ki yi laifi ba, Inna." Muryar ta fito a sanyaye har ita kanta sai da ta ji tsoronta. "Riƙe min Khalid."

Ku da kuka biyo mu tun farko kun san abin da aka faɗa ranar. Safiyya tana Kurmin Mashi, ita ce mai shafa wa masu zaɓe tawada a farcen babban yatsa. Wayarta tana jaka, ba ta duba ba sai da layi ya ragu, ta ga kira goma sha bakwai. Da ta iso an riga an yi wa Yasmin wanka. Yaya Hassana ta faɗa wa kowa cewa yarinyar barci take, ita kuma ta tayar da sallar azahar, tana sallamewa ta ga ba ta a kan tabarma.

Wa zai tuhumi mai salla?

Sai aka juyo kan wadda ta fita. Safiyya ta faɗa kan gawar ta rungume, tawadar da ke yatsunta ta ɓata farin likkafanin, shuɗi shuɗi wajen kafaɗa. A gaban mata cike da ɗaki Yaya Hassana ta ce, "Ga abin da kika samo mata nan." Da tabon aka binne ta.

Amma akwai wani abu da ya tsaya wa Safiyya a rai, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Washegari, ana zaman makoki, Yaya Hassana ta ɗaga hannu tana jan addu'a, sai ga babban yatsanta na hagu jajir da sabon lalle. Shi kaɗai. Wata ta tambaya, ta ce ciwo yake mata ta ɗaura. Safiyya ta gani, ta kawar da kai, ta yi istigfari. Shekara uku yatsan nan yana zuwa mata, ba ta san me yake so ya gaya mata ba.

Yau ta sani.

Ta ɗauki ambulan ɗin ba tare da ta san ta ɗauka ba, ta fito.

An yi ruwa da safe, tsakar gidan duk danshi. Rijiyar tana nan a tsakiya, an rufe ta da siminti tun kwana uku da rasuwar. Tun daga lokacin Safiyya ba ta taɓa bi ta kusa da ita ba, jikin katanga take bi ko da kaya ne a kanta. Yau ta ratsa ta tsakiya, zaninta har yana shafar simintin.

Yaya Hassana ta dawo ke nan, tana bakin ƙofarta tana cire safa, jakar littattafai a gefe.

"A'a, Safiyya. Takalmin wa na gani a ƙofarki? Baƙi kika yi?" Idonta ya sauka kan ambulan. Ta yi murmushi. "Masha Allah. Kin sa hannun ke nan? Allah Ya yi miki albarka. Yau ma abin da na karantar ke nan, na ce musu amana ce 'ya'ya, uwar da ta bar amanarta ta bi albashi..."

"Inna Balaraba ce ta zo."

Safa ɗaya a hannu, ɗaya a ƙafa, Yaya Hassana ta tsaya.

"Wace Balaraba?"

"Ta Hayin Banki. Wadda ta ba ki wurinta a layi."

Yaya Hassana ta kawar da kai.

"Ban gane ba."

"Nuna min hannunki na hagu, Yaya."

"Ke Safiyya, kina cikin hankalinki? Ni kike yi wa magana haka?"

"Shekara uku ba na cikin hankalina. Yau ya dawo. Nuna min."

"Tsohuwar nan ta rikice, kowa ya sani. Ko sunan jikokinta ba ta riƙewa."

"Ta riƙe abin da kika ce. Na baro yarinya tana barci ita kaɗai a gida."

Yaya Hassana ta waiga hagu, ta waiga dama, duk da ta san ba kowa a gidan sai su.

"Shigo ciki mu yi magana."

"A nan za mu yi. A gabanta." Ta nuna rijiyar.

"Ki ji tsoron Allah, Safiyya."

"Da shi kika rufe min baki shekara uku. Yaya, aikina ke nan ranar. Mutum ɗari uku da wani abu na shafa wa tawadar nan. Na san ta. Sabulu ba ya fitar da ita, kalanzir ba ya fitar da ita, sai farce ya tofo an yanke. Abu ɗaya ne yake rufe ta. Wa ke ƙunshi washegarin binne yarinya?"

"Na ce ciwo yake min."

"Ga Alƙur'ani nan a jakarki. Da alwalarki, na san ba kya rabuwa da ita. Ɗauko ki dafa, ki ce kina kan sallaya Yasmin ta fita. Wallahi in kika dafa, a nan zan sa hannu a takardar nan, in durƙusa in nemi gafararki, ba zan ƙara ɗaga ido in dube ki ba har in mutu."

Yaya Hassana ta dubi jakar.

Ta daɗe tana dubanta.

Hannunta bai motsa ba.

Ni kam a nan na ji tausayinta, ku yi haƙuri. Matar nan ta iya ƙarya, amma ba ta iya wannan ba. Ta zame ta zauna a dokin ƙofa, safar tana hannunta har yanzu.

"Minti ashirin," ta ce, da ƙyar ake ji. "Cewa aka yi minti ashirin."

Safiyya ta runtse ido. Ta ɗauka in ta ji gaskiyar za ta ji sanyi. Ba ta ji ba.

"Ci gaba."

"Barci take, wallahi barci take. Na ba ta kunu, na goya ta har ta yi nisa, na shimfiɗe ta. Na ja ƙofar. Ban kulle ba, don kar ta farka ta tsorata. Da na je layin ya fi yadda aka ce. Awa ɗaya da wani abu na yi."

"Murfin rijiyar fa?"

"Na ja ruwan alwala kafin in fita. Ban... na ɗauka na mayar."

"Kika dawo."

"Na dawo na ga tabarma ba kowa. Na kira, na kira. Sai na ga takalminta ƙafa ɗaya a bakin..." Ta toshe bakinta da safar. "Da kanta ta sa. Ta farka ta nemi takalminta ta sa, ta fito nemana."

Safiyya ta dafa bango.

Yasmin ba ta iya bambance ƙafar dama da ta hagu ba. Kullum a juye take sawa, ta fito tana taƙama, ƙyu ƙyu, tana jira a ce ta iya.

"Don a ji ta na sayi takalmin," Safiyya ta ce. "Shekara uku ina tambayar kaina, ta yaya mutum yana salla a ɗaki bai ji shi ba? Sai in ce Shaiɗan ne yake min raɗa. In tashi in yi nafila in nemi gafara don na zarge ki a zuciyata. Ni, Yaya. Ni nake neman gafara."

"Ƙaddara ce, Safiyya. Kwananta ne ya ƙare. Ko ina nan, ko kina nan, abin da Allah Ya rubuta..."

"Na yarda. Wallahi na yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. To me ya sa da ni ce a waje ba ƙaddara ba ce? Me ya sa ranar ba ki ce kwananta ne ya ƙare ba? Cewa kika yi ga abin da na samo mata. A gaban uwata kika faɗa. Uwata ta koma Kurmin Mashi tana kuka, har ta rasu ba ta ƙara ɗaga kai a gidan nan ba."

"Tsoro na ji."

"Tsoron wa?"

"Mutane. Ni ce Malama. Ni nake cewa mace ba ta shiga layi da maza. A ce an gan ni a layi, a ce a hannuna 'yar ƙanina ta..." Ta girgiza kai. "Da na faɗi maganar farko sai ta biyu ta biyo. Kullum in na tsaya gaban ɗalibai na faɗa, sai in ji kamar haka ɗin aka yi. Sai na dawo gida in tuna."

"Da sunana kike karatu."

"Ban taɓa kama suna ba."

"Wata ma'aikaciya a unguwar nan, haka kike ce musu. Mu nawa ne a unguwar nan aka ciro wa 'ya daga rijiya? Nafisat ta ofishinmu ta ajiye aiki saboda labarina, marayu uku gare ta. Yanzu awara take soyawa a bakin titi, yaran suna zaune gefen kasko. Wannan ne zaman gidan?"

Yaya Hassana ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya fita da sauti.

"Ni ma ina ji," ta ce.

"Kina jin me?"

"Takalmin. Duk na tayar da azahar. Daga ƙofarki yake tasowa, ya zo nan ya tsaya a bakin labulena, kamar tana jira in sallame. Shekara uku ban yi azahar ɗaya da na san raka'a nawa na yi ba."

Safiyya ta ƙura mata ido.

Ba ta taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba. Ko Yusha'u.

Ruwan da ya taru a kwano yana ɗiga cikin bokiti. Daga can masallacin layi aka fara gwada lasifika.

"Me ya kai ki?" Safiyya ta tambaya. "Ke da kike cewa duk ɗaya suke, duk maƙaryata ne."

"Ce min aka yi wannan karon ba siyasa ba ce, addini ne. Ƙuri'a amana ce, wanda ya zauna a gida Allah zai tambaye shi. Ce min aka yi ƙuri'a ɗaya tana iya juya ƙasa."

"Ta juya?"

Yaya Hassana ta sunkuyar da kai.

"Wanda kika dangwala wa ya san sunanta? Ya san akwai wata Yasmin, shekara biyu da wata huɗu, mai son kunun gyaɗa? Ni aka biya ni na je, ke aka yi miki wa'azi kika je. Duk mu biyu muka fita, Yaya. Amma ni na bar ta a hannun mutum. Ke kika bar ta a hannun wa?"

"Ki yafe min. Don girman Allah ki yafe min. Amma kar ki faɗa, Safiyya. In ɗalibaina suka ji na gama yawo a garin nan. Ki rufa min asiri, Allah Ya rufa naki."

Ta rarrafo za ta kama ƙafarta. Safiyya ta ja da baya.

A nan ne wani abu ya faɗo mata.

Ce min aka yi.

Cewa aka yi minti ashirin.

Ta dubi matar da ke durƙushe a gabanta, mai ciwon baya, wadda ko Islamiyyar bayan layi sai ta huta sau biyu kafin ta kai.

"Yaya."

"Na'am."

"Da me kika je Hayin Banki?"

Kukan ya tsaya cak.

"Ranar zaɓe ba mota, ba keke, ba babur. Ni na sani, da ƙafa na taho daga Kurmin Mashi ina gudu kamar mahaukaciya, ba abin hawa ko ɗaya a titi. Ke ba za ki iya zuwa Hayin Banki da ƙafa ki dawo a awa ɗaya ba. Ba wanda jami'an tsaro suke bari ya wuce sai mai kati a wuya. Ma'aikacin zaɓe, ko wakilin jam'iyya."

"Safiyya, ki bar maganar nan haka."

"Wa ya ce miki minti ashirin?"

"Ni na yi laifi. Ni kaɗai. Ki tsaya a kaina."

"Wa ya kai ki?"

"Kina da jariri. Kina da aure. Don Allah ki tsaya a nan."



Safiyya ta tuna safiyar ranar. Tana ɗaura ɗankwali a gurguje, Yusha'u kuma yana gaban madubi yana gyara katin da ya rataya a wuya, yana cewa yau ko gurgu sai ya ɗauko shi ya kai shi akwati. Ta tuna ta yi dariya.

Ta tuna shi ne ya sa aka rufe rijiyar tun ba a share makoki ba, ya tsaya a kan magina har suka gama.

Ta tuna shekara uku bai taɓa ce mata laifinta ba ne. Bai kuma taɓa ce mata ba laifinta ba ne. In Yaya tana faɗa, sunkuyar da kai yake, ya ce, "A yi haƙuri, ya wuce." Ita kuwa har godiya take wa Allah da Ya ba ta miji mai kawaici.

Kuma shi ya zauna ya tsara takardar nan. Har da layin da ya ce ta ajiye aiki ne don ta kula da tarbiyyar 'ya'yanta.

Ƙarar babur ta cika zaure, ta mutu.

Yaya Hassana ta miƙe a firgice tana goge fuska da hijabi.

"Ki rufa mana asiri," ta ce da raɗa. "Safiyya. Safiyya!"

Mana.

"Salamu alaikum."

Yusha'u ya shigo da fara'arsa, hula a karkace, naɗin sababbin hotunan ɗan takara a hammata. Daga taron mazaɓa yake. Ya ga matarsa tsaye a tsakiyar gida, inda bai taɓa ganinta ba, ya ga ambulan a hannunta.

"Yauwa, Maman Khalid. Kin sa hannun? Kawo in ajiye a aljihu, Litinin in biya in miƙa miki, ba sai kin sha wahalar fita ba."

Ya miƙo hannu.

Safiyya ta sunkuya a hankali ta ɗora ambulan ɗin a kan simintin rijiyar. Danshi ya fara cin gefensa.

Ta ɗago.

"Baban Yasmin."

Hannunsa ya tsaya a iska. Rabon da wani ya kira shi da wannan suna tun ranar da aka ɗauki makara daga gidan.

"Ranar zaɓe, wa ka goya a bayan babur ɗinka?"

Naɗin hotunan ya zame daga hammatarsa, ya faɗi, ya warware a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, fuska bayan fuska, duk suna murmushi, har ya je ya daki jikin rijiyar.

Daga masallaci aka ɗaga murya, Allahu Akbar.

Yusha'u bai dubi matarsa ba. Yayarsa ya juya ya duba.

"Yaya," ya ce, "ba mun yi alkawari ba?"